A Karɓe Kofin Daga Hannun Ɗana

Zuwa ga:
Mai girma Shugaban Kwamitin Sauraren Ƙararraki,
Ƙungiyar Masu Tseren Babur ta Ƙasar Adar,
Tahoua.

Daga:
Malama Jaratu Mahmud,
tsohuwar malamar lakwal (makarantar boko),
bayan tsohuwar tasha, Madaoua.

Ranar Litinin, 24 ga Nuwamba, 2025.

Game da: Ƙorafi bisa hukuncin da alƙalan tseren Keita zuwa Madaoua sunka yanke ranar Asabar 8 ga Nuwamba, 2025, wanda ya karɓe nasara daga hannun Shafi'u Liman na Azarori ya ba ɗana Surajo.

Ranka shi daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, da ta girmamawa wadda ta dace da kujerarka, ina fatan wagga takarda za ta iske ka lafiya, kai da iyali da abokan aikinka na kwamiti. Allah shi dafa maku, shi sa ku gama da mutane lafiya.

Na san a bisa al'ada ƙorafin tsere daga gidan wanda anka kayar yake fitowa. Nawa daga gidan wanda anka ba kofi ya fito. Ni ce mahaifiyar Surajo Abdurrahman, yaron da alƙalanku sunka ce shi ne na ɗaya a tseren babur na bana, wanda kuma saboda haka shi zai wakilci Madaoua da Bouza da Keita a babban tseren jiha, a Tahoua, ranar Asabar 13 ga Disamba. Ina roƙon kwamitinka ya soke wanga hukunci kafin ranar nan, ya mayar wa Shafi'u Liman da nasararsa da sunansa. Ba wanda ya aiko ni, ba kuma wanda ya sa mani magana a baki. Mutanen Shafi'u ba su san na ɗauki alƙalami ba.

Yadda abin ya faru

Tseren ya tashi daga Keita da hantsi, ya bi ta Garhanga da Allakaye da Bouza, ya ƙare a Madaoua. Ni ina Madaoua ƙarƙashin rumfar baƙi, saboda haka abin da ya faru a hanya ban gan shi da idona ba a ranar. Daga baya na tattara shi, daga bidiyon da wani ya ɗauka da salula, da bakin mutanen da anka yi abin a gabansu, da bakin ɗana.

A wani ƙauye gab da Allakaye, hanyar tseren ta ratsa tsakanin gidaje da maƙabarta. A safiyar ranar Allah ya yi wa wata tsohuwa mai suna Zaliha rasuwa. Anka yi mata sutura, anka sallace ta, maza sunka ɗauko makara za su tsallaka hanya. Daidai nan Shafi'u ya iso, yana gaban kowa da nisa. Ya tsaya, ya kashe babur, ya tuɓe hular kwanonsa, ya sa kafaɗa ƙarƙashin makara ya yi ƴan taku da ita, kamar yadda duk namijin da anka haifa a Adar zai yi idan gawa ta gitta gabansa. Ba sai na yi maka dogon bayani a kan wannan ba, ranka shi daɗe, kai ma ɗan ƙasar nan ne.

Yana cikin haka ɗana ya iso. Bai tsaya ba. Ya ce mani yana kewayo dutse ne sai kawai ya ga mutane a gabansa, ƙasa kuma tsakuwa ce, da ya taka birki da ƙarfi da ya kwasa cikinsu, shi ya sa ya kauce ta cikin wata gona da anka riga anka girbe. Wannan na yarda da shi. Amma bayan ya kauce ɗin ma bai tsaya ba, ya ƙara wuta ya wuce. Masu makara sunka ja da baya a firgice, har wani dattijo ya faɗi zaune.

Da Shafi'u ya koma ga babur ɗinsa, sai ya ƙi tashi. Tsohon babur ne, da shi yake kabu-kabu yana ci da gidansu. Ya buga, ya buga, shiru. Sai Mahaman Ɗangana, ɗan mamaciyar, ya juyo da wasu dattawa biyu daga cikin masu rakiya, sunka tura shi har ya tashi, sunka koma ga gawarsu da sassarfa. Bai roƙe su ba. Su ma ba su san da wata doka ba, sun dai ga baƙon yaro ya girmama uwarsu, sunka rama masa da abin da ke hannunsu. Shafi'u ya bi ɗana, ya cim masa a gangaren bayan Bouza, ya wuce shi, ya tsallaka layi na ɗaya a gaban idon Madaoua duka. Surajo ya zo na biyu.

Ba a gama tafi ba ƙanena Abdoulkadir, makanikin da ya shirya wa Surajo babur, ya iske ni ƙarƙashin rumfa da salularsa. Ya nuna mani wani guntun bidiyo da anka turo masa, inda mutum uku ke tura Shafi'u. Makara ba ta fito a ciki ba. Ya ce ƙungiya na da doka da ta hana ɗan tsere karɓar taimakon wani a hanya, ya tambaye ni ko ya kai wa alƙalai. Na ce masa ya kai, doka doka ce. Babban alƙali, Malam Maiguwa, da abokan aikinsa sunka kalli guntun, sunka haɗa kai na ɗan lokaci, sannan anka ɗauki lasifika anka ce an sami Shafi'u Liman da maguɗi, an cire shi, Surajo ne na ɗaya. Shafi'u ya zo ya buga hular kwanonsa bisa teburin alƙalai har ruwansu ya zube, ya faɗi maganganun da ba zan sa a takarda ba. Nan take anka ƙara masa da dakatarwar shekara guda. Ni kuwa na miƙe tsaye na rangaɗa guɗa, ina mai neman gafarar Allah.

Abubuwan da nake ƙorafi a kansu

1. An yanke hukunci bisa guntun bidiyo, ba a kira wanda ake tuhuma an ji ta bakinsa ba. Da an ce da Shafi'u, yaro, me ya faru, da magana ta ƙare a nan. Ko ba a kira shi ba, guntun kansa ya isa ya sa mai hankali ya dakata. Masu turin nan ba samarin tasha ba ne, dattawa ne da manyan riguna da huluna, ɗaya har da furfura a gemu. Me ya fito da dattawa uku bakin hanya da rana tsaka suna tura babur? Tun yaushe masu maguɗi sunka koma ɗaukar tsofaffi aiki? Cikin alƙalai huɗu ba wanda ya yi wagga tambaya. Cikakken bidiyon ya bazu a salula tun washegari, ɗiyata Rufaida ce ta nuna mani shi, kuma na tabbata ya iso Tahoua. Har yau ban ji kwamitin alƙalai ya ce uffan ba.

2. Inda ya kamata alƙalai su sa hannu, nan ne sunka naɗe hannu. Su sunka shata hanya ta tsakanin gari da maƙabarta, ba su tambayi maigari ba. Akwai wakilinsu a mararrabar Allakaye, da jar tuta a hannu da salula a aljihu. Mutanen ƙauyen sun shaida mani sun aika masa tun da safe cewa an yi rasuwa, za a fito da gawa, ya ce shi ba a ba shi izinin tsayar da tsere ba sai in haɗari anka yi. Haba, ranka shi daɗe! Sai an take masu makara sannan za a ɗaga tuta? Da ya ɗaga ta, da kowa ya tsaya, a rufe tsohuwa, a ci gaba da tsere kowa a matsayinsa. Da Shafi'u bai rasa komai ba, da ɗana bai ɗauko abin da ya ɗauko ba. An bar yara biyu kowane da zuciyarsa a gaban gawa, sannan da yamma anka zo ana ihu bayan hari.

3. Dokar da anka kama Shafi'u da ita, ba shi kaɗai ya taka ta ba a ranar. Akwai ƙorama kafin Garhanga mai rairayi har gwiwa. Kusan duk ƴan tseren sun kafe a ciki, samarin gari sunka yi ta tura su ɗaya bayan ɗaya ana shewa, a gaban wakilin alƙalai. Ɗana yana cikin waɗanda anka tura. Shi da bakinsa ya ba mu labari yana dariya, ranar da ƴan barka sunka cika gidana, ya ce da ba don wani ƙaton saurayi ba da har yanzu yana cikin rairayin. In turi maguɗi ne, to kofin nan bai da mai shi, sai a mayar da shi Tahoua. In kuwa turin ƙorama ba laifi ba ne saboda kowa ya san halin hanyarmu, da wane dalili turin maƙabarta ya zama laifi? Abin da na gani shi ne, doka ta yi barcinta da safe, ba ta farka ba sai da ɗan gari ya ƙwanƙwasa mata ƙofa. Ɗan garin nan kuwa ƙanena ne.

4. Kalmar maguɗi da anka faɗa ta lasifika zalunci ce. A fahimtata, an kafa dokar nan ne don kada wani ya ci riba da ƙarfin da ba nasa ba. Wace riba Shafi'u ya ci? Yana gaba ya koma baya, da hannunsa ya kashe babur ɗinsa. Turin nan bai kai shi ko inda yake tun farko ba. Amma yanzu yaron da ke neman abincinsa a tasha, yara na bin sa suna kiransa mai maguɗi, waɗanda ba su ga cikakken bidiyon ba kuma sun ce ai lasifika ba ta ƙarya. An ce ya daina shigowa Madaoua da fasinja, sai ya sauke su a bakin gari ya juya. Mahaifiyarsa Hafsa tana kawo nono kasuwa, shekaru ina saye gare ta, muna ba'a, tana ce mani Madan mai tsada, ina ce mata ta rage ruwa. Tun ranar nan ban sake bi ta layin masu nono ba. Sai in kewaya ta wajen masu albasa, kamar wadda ta yi sata.

Ina so in ƙara da wani abu a ƙarƙashin wagga gaɓa, ko da zai tsawaita takardar. Ranar sadakar bakwai ta marigayiya Zaliha na shiga mota na tafi ƙauyen nan gaisuwa. Ban faɗi ko ni wace ce ba, na ce dai baƙuwa ce daga Madaoua. Mata sunka shimfiɗa mani tabarmar da ta fi kyau, sunka dama mani fura. Mahaman Ɗangana ya zo ya durƙusa daga bakin ƙofa ya amsa gaisuwa. Dattijo ne manomi, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce abin da ke damunsa bayan rashin uwa shi ne yaron nan na Azarori. Ya ce su sunka cuce shi, da hannunsu sunka tura shi cikin masifa, da sun sani da sun bar shi ya yi ta bugu har babur ya tashi don kansa. Ya ce tsohuwarsu ta yi rayuwarta ba ta taɓa cin haƙƙin ko kaza ba, ga shi ranar rufe ta an zalunci wani ta dalilinta. Ya ce har Azarori ya taka ya nemi gafarar Shafi'u, yaron ya fashe da kuka. Ranka shi daɗe, mutumin da ya rufe uwarsa shi ke yawo yana neman gafara, alƙalai kuwa suna gida hankalinsu kwance. Da zan tafi, wata tsohuwa ta rako ni bakin hanya, ta riƙe hannuna ta ce in gaida Surajo, in ce masa sun yafe, ƙuruciya ce. Ashe tun shigata sun gane ni. Wallahi da zagina sunka yi da ya fi mani sauƙi.

5. Hukuncin ya koya wa yaranmu mugun karatu. Abin da ake faɗa a tasha yanzu shi ne, baɗi ko gawar wa ta gitta ba mai tsayawa, tunda wanda ya tsaya an kore shi, wanda ya wuce an ba shi kofi. Na ji wannan da kunnena daga bakin abokan ɗana a zaurena. Shi kansa Surajo, da na zaunar da shi na ce anya abin nan ya yi, sai ya ce shi bai kai ƙarar kowa ba, alƙalai sunka yanke, kuma ai ni na tashe su, shi da yayyensa, da cewa doka doka ce. Yaron nan bai kai shekara goma ba lokacin da anka fito da gawar mahaifinsa daga gidan nan. Ina daga bayan ƙyaure na ji duk baburan da ke layinmu sun yi tsit, ƴan kabu-kabu sun sauka sun bi makara, har da waɗanda ba su san sunan mamacin ba. A cikin baƙin cikin ranar, wannan shirun ne kaɗai ya sanyaya mani rai. Na ɗauka yaro ya gani ya riƙe. Ban taɓa zaunar da shi na faɗa masa ba, na ɗauka irin wannan ba a koya shi da baki.

6. Wagga gaɓa ta ƙarshe a kaina take, kuma ina roƙon a karanta ta kamar sauran. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, ni kuwa ba na so in yi haka a gabanka. Tambayar da na ce alƙalai ba su yi ba, ni ma ban yi ta ba. Na ga riguna, na ga furfura, zuciyata ta ce mani akwai wani abu a nan, na danne ta. Me ya sa? Surajo autana ne. Yayyensa sun yi karatu, shi ya bar lakwal tun yana aji huɗu na kwaleji ya bi gareji, ni kuma malama, sai na riƙa jin kunyarsa a gaban abokan aikina. Na yi wa yayyensa guɗa a ranakun sakamako, shi ban taɓa yi masa ba. Ranar nan na ga dama ta zo, na ga yadda yake leƙen rumfa yana nemana da ido, sai na so abin ya zama nasa ko ta wace hanya. Da na ce wa Abdoulkadir ya mayar da salularsa aljihu, da ya mayar, don bai taɓa tsallake maganata ba. Daga baya na tambaye shi ko ya ga farkon bidiyon kafin ya kawo mani, ya sunkuyar da kai, ni kuma ban matsa ba. Ciki ɗaya munka fito, ba zan ƙara komai a kansa ba. Kofin yana ɗakina bisa kabad, in zan yi salla sai na juya masa baya, amma na san yana nan.

Ranka shi daɗe, kada a fahimce ni da cewa alƙalai su zama ƴan kallo. Na yi shekaru ina tsaron jarrabawa, na san in ba mai tsaro aji kasuwa yake zama. In wani ya yanke hanya, ko ya ture ɗan'uwansa da gangan, ko ya sauya babur a ɓoye, ku kama shi, ba mai cewa don me. In rai na cikin haɗari ku ɗaga tuta tun kafin a yi kuka. Amma abin da gari guda ya gani da idonsa a bakin layi, bai kamata a juya shi a ƙarƙashin rumfa cikin gaggawa ba, sai in an tabbata wanda ya zo na ɗaya sata ya yi. In ba a tabbata ba a bar tsere yadda ƙafa ta kawo shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ban kuma ce Shafi'u bai da nasa ba. Buga hula bisa teburin manya rashin ladabi ne, kuma da ɗana ne da na ja masa kunne. In kwamiti ya ga sai an hora shi a kan wannan, a sa shi ya ba Malam Maiguwa haƙuri a gaban mutane, ya isa. Amma a tuna an kira shi ɓarawo ne a gaban uwarsa, tana tsaye da ƙwaryar nono a kai.

Abin da nake roƙo

Bisa ga abubuwan da na zayyana, ina roƙon kwamitinka mai daraja, cikin ladabi:

Na farko, ya zauna kafin ranar 13 ga Disamba, ya kalli cikakken bidiyon, ya kira Shafi'u Liman da Mahaman Ɗangana da wakilin da anka aje a Allakaye ya ji ta bakinsu. Mahaman ya ce mani duk ranar da anka neme shi zai zo, ko da ranar kasuwa ce. Ni ma a shirye nake in zo Tahoua in maimaita abin da na rubuta, a gaban kowa.

Na biyu, ya soke hukuncin cirewa da na dakatarwa, ya mayar da sakamako yadda anka tsallaka layi: Shafi'u na ɗaya, Surajo na biyu. Shafi'u ne ya cancanci ya je Tahoua da sunanmu.

Na uku, tunda ta lasifika anka ɓata sunan yaron nan, ta lasifika za a wanke shi, a Madaoua, ranar kasuwa, ba a cikin wata takarda da za a liƙa a ofis ba.

Na huɗu, ya ba wakilan hanya izini a fili su tsayar da tsere idan gawa za ta tsallaka, don kada a sake barin yaro shi kaɗai ya zaɓa tsakanin kofi da makara.

Roƙona na ƙarshe shi ya fi mani wuya. Surajo bai san da wagga takarda ba. Kullum da sassafe yana fita atisaye ta hanyar Bouza, kafin ya fita sai ya leƙo ɗakina ya durƙusa in sa masa albarka, abin da bai saba yi ba a da. Ya ce har wurin zama ya nemar mani a motar da za ta kai su Tahoua. Na yi niyyar faɗa masa sau da dama, in na ga fuskarsa sai in fasa. Na san halin ɗana, yana da zuciya, kuma yana da abokai masu zuga. Ranar da hukuncinku ya fito, zai ce mutanen Azarori ne sunka kai shi ƙara, ko mutanen Mahaman, kuma ina tsoron abin da ƙuruciya za ta sa shi ya yi wa bayin Allah da sunka riga sunka sha isasshe a hannunmu. Na ji an ce kwamitinku kan sakaya sunan mai ƙara don kare shi. Ni kada a kare ni. A rubuta sunana a cikin hukuncin, a karanta shi da ƙarfi. In ya zo ofishinka yana huci yana tambayar wanda ya yi masa haka, ka zaunar da shi, ka ba shi ruwa, ka ce masa uwarsa ce. Ko zai sake leƙo ɗakina da safe, wannan na bar wa Allah.

Ina neman afuwa in alƙalamina ya zarce inda ya kamata, ko na faɗi abin da ya sosa ran wani daga cikin alƙalai. Ba raini ba ne, abin ne ya yi mani yawa. Allah shi ƙara maka girma da lafiya, shi ba ka ikon tsayar da gaskiya ko da a kan wa ta faɗa.

Ka huta lafiya.

Taka mai biyayya da girmamawa,

Malama Jaratu Mahmud,
mahaifiyar Surajo Abdurrahman,
Madaoua.